Soron da Na Ce Maka Lafiya Lau Yake

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Yuni 1978, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Maman ɗan Malam Sani na Safo a asibitin Maraɗi, bayan jinyar kwana huɗu. Ni Adamu, mushen lakkol, wato malamin makaranta, a Madarumfa, abokinsa tun muna yara, ni ne nake wannan rubutu, kuma a gidana ya gamu da hatsarin da ya zama ajalinsa.

Maman, mutanen ƙasar nan sun san ka da tsani a kafaɗa. Kai ne kake bin lakkol-lakkol kana kafa faifan nan mai shan rana ya ba telebijin wuta. Tsofaffi suna ce masa madubin Maman, ba ka taɓa gyara musu ba. Ba ka hawa rufin kowa sai ka tsaya ka ɗaga murya sau uku, "Za a hau soro!", don matan maƙwabta su kimtsa. Ko a lakkol da ke bayan gari, inda babu kowa sai awaki, sai ka yi kiran nan, mu yi ta yi maka dariya. Kuma kafin ka taka tsani sai ka shiga ɗakin ka bubbuga itatuwan rufi da sanda, kana kasa kunne.

Ka daɗe da sanin ciwon fukar mahaifiyata, Inna Delu, da yadda hayaƙin fitilar kananzir yake shaƙe ta. Da ka sami wani faifai mai tsaga da aka yar a wurin aikinku, wata uku ka yi kana gyaransa. Sannan ka aiko mini cewa ranar Asabar za ka zo ka kafa shi a kan ɗakinta, da batir da ƙwan fitila guda.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Tun bara magini ya nuna mini gara ta cinye itatuwan rufin, na ce sai bayan kaka. Da saƙonka ya zo, kunya ta kama ni, a ce mushe guda ya bar uwarsa a ɗaki irin wannan. Sai na sa aka yi wa soron sabon yaɓe, na kuma shimfiɗa tabarmi daga ciki na rufe itatuwan. Da ka iso ka ɗauki sandarka za ka shiga, na tare ƙofa ina dariya, na ce, "Haba Maman, ba ka ga sabon yaɓe ba? Soron nan lafiya lau yake." Ka dube ni, ka jingine sandar, ka ce, "Tunda kai ka faɗa, Mushe."

Ka yi kiranka sau uku, ka hau. Ka ɗaure faifan a kan katanga yana fuskantar kudu, ka zuro waya ta indararo. Inna tana zaune a gindin itacen bedi tana sa maka albarka. Ka ja da baya taku biyu don ka ga ko ya daidaita, sai tsakiyar rufin ya burma da kai, ƙasa da itatuwa suka bi ka. Da hannuwanmu muka tone ka, ƙafafunka ba sa motsi.

A asibiti Malam Sani ya tambaye ka yadda aka yi, ina tsaye. Ka ce ai kai ne ka yi gaggawa, ba ka duba ba. Kai da ba ka taɓa hawa rufi ba tare da ka duba ba, ka ɗora wa kanka sakaci don ka rufa mini asiri. Da ya fita alwala ka ce mini, "Saura waya biyu. Ja da ja, baƙi da baƙi, kada ka juya." Ba ka ƙara wata magana a kan soron ba.

Na haɗa su kamar yadda ka ce, na ja wayar zuwa ɗakin da Inna ta koma. Fitilar ta kama, tarinta ya lafa, kullum tana yi maka addu'a. Ni kuwa har yau ban iya zama a ƙarƙashin haskenta ba.

Allah Ya jiƙanka, Maman, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Tani da 'ya'yanka uku, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Baba Malam Sani, ɗanka bai yi gaggawa ba. Ya ɗauki sandarsa, ni na hana shi shiga. Gobe bayan sallar la'asar ina nan tafe Safo in durƙusa gabanka in faɗa da bakina. In ka yafe mini, Allah Ya saka maka. In ba ka iya ba, ba zan ga laifinka ba.