Watanni Biyar Da Suka Cinye Shekarun Yaya Nuhu

Daga Malumfashi

Tun kafin a kira sallar asuba na bar gida, Inna ta rako ni har bakin zaure da ƙullin daddawa na kai wa yayana Nuhu. Sarin abaya ne ya kai ni Alƙahira, shi kuwa shekararsa goma sha ɗaya a can. Karatu ya je, da ya gama ya zama tafinta ga mutanenmu masu zuwa asibiti. Shinge biyu muka wuce kafin Kano. Jirgi ya tashi da azahar, muka sauka bayan magariba.

Abbasiyya

A unguwar Abbasiyya suke, a hawa na huɗu, shi da matarsa Amna, Bahaushiyar Sudan, da 'ya'yansu biyu. Muna cin ful, dafaffen waken mutanen can, da burodi ya gaya mini gobe zai ga lauya. Ya gaji da layin sabunta iƙama duk shekara, wato takardar izinin zama, da fargabar ranar da za a ƙi sabunta masa yara suna tsakiyar karatu. Yana ganin shekarunsa sun isa ya nemi zama na dindindin. Na ce zan raka shi.

Dokki

Da hantsi muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canja a Ataba, muka fita a Dokki. Lauyan dattijo ne mai sanyin magana. Ya jera tsofaffin fasfunan Yaya yana bin tambari ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a wani shafi. Ya tambaya me ya faru a nan, iƙama ta ƙare, ba a sabunta ba sai bayan wata biyar.

Ni na san amsar. Shekarar da Baba ya kwanta ce. Yaya ya zo gida da niyyar sati uku, ya tarar ba mai iya ɗaga Baba sai shi, ya zauna har aka binne shi.

Lauyan ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce zaman da ake ƙirgawa shi ne wanda bai yanke ba. Tarar da ya biya da ya dawo ta wanke laifin jinkiri, amma ba ta ɗinke giɓin ba. Zai iya roƙo da takardun asibiti, sai dai kada ya sa rai.

"Wato shekara bakwai na farko babu su?" in ji Yaya.

"Ma'alish, sai haƙuri," in ji lauyan. "Daga ranar da ka dawo za a fara lissafi."

Ataba

A hanyar dawowa muka tsaya a kasuwar Ataba. Duk da abin da ya faru, Yaya ya bi ni shago shago yana yi mini ciniki da Larabci, ya ɗauko mini kaya a kafaɗa. Da yamma Amna ta ji labari, ta daɗe tana kallon yaran. Ta ce kakanta ya baro Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Sudan har ya mutu, ba wanda ya taɓa ƙirga masa shekaru. Yaya ya ce shi bai yi nadama ba, kawai bai san ana ƙirgawa haka ba.

Gida

Bayan sati na dawo Malumfashi lafiya. Inna ba ta ko kalli tsaraba ba, ta tambayi takardar Nuhu. Na gaya mata komai. Ta ce, "Ki faɗa masa, in tawa jinyar ta zo, kada ya taso sai takardarsa na hannunsa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Yaya da Amna da suka riƙe ni. Saƙon Inna kuwa har yau ban isar ba.