Mehrdin da Gonar Baffansa

Maƙwabcina Mehrdin sana'arsa ɗaya tun tasowarmu a ƙauyenmu na gefen birnin Jhang: jira. Baffansa Allah Ditta ba ɗa ba jika, sai gonar rake eka huɗu a bakin kwarin ruwa, kuma Mehrdin ne kaɗai magaji. Kullum da safe sai ya je gaisuwa.

"Baffa, ya jiki?"

"Garau, ɗan nema. Gurasar roti shida na ci."

Ya dawo kamar an mare shi.

Da furfura ta fara fito masa ya gaji, ya sami Fazal mai shayi suka yi musaya: Fazal ya ba shi ɓaunar tatsa, irin ta gida da muke kiwo, baƙa mai sheƙi, shi kuma ya bar masa gonar, in ta zo. Kwana tara Mehrdin yana shan madara har da gashin baki. Ni ko kofi bai sam min ba, shi ya sa nake ba da labarin.

Ranar goma suka je gun patwari, mai rajistar filaye, a rubuta. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Yaushe mai gonar ya rasu?"

"Ai... yana hanya, ranka ya daɗe."

"To doka ba ta san hanya ba. Gadon mai rai ba a sayar da shi. Sa rai gare ka, ba fili ba. Mayar masa da dabbarsa."

Kafin azahar zance ya kai wa Baffa. Tsoho ya tako da ƙafarsa, ko sanda babu, ya tsaya yana shafa bayan ɓaunar.

"Kai patwari, ni fa? Ni ina iya sayarwa?"

"Kai ko yanzu, Baffa. Taka ce."

"Fazal, ga gonar, kawo igiyar ɓaunar. Likita ya ce madara na ƙara kwana."

Aka dangwala yatsa a gaban Mehrdin. Shi aka sa ma ya zama shaida.

Yau shekara shida ke nan. Fazal na yankan rake, Baffa ya yi kumatu. Bayansa ba ya son durƙuso, don haka Mehrdin ke zuwa tatsa safe da yamma, tunda yanzu ɓaunar ce gadonsa. Jiya na leƙa ta katanga na gan shi ya buɗe mata baki yana duba haƙora.

Na ce, "Ya jikinta?"

Ya jefe ni da kashinta.