Shuɗin Zare a Bakin Maɓalli

Duk layin an san Inna Tela da hali ɗaya: ba ta ganin zare yana reto a rigar mutum ta ƙyale. Ko a motar haya ne, ko ba ta taɓa ganinka ba, sai dai ka ji an fizge, ta ce, "Yi haƙuri ɗana, ya tsone mini ido." Tun tana budurwa a gindin keken ɗinki hannunta yake riga tunaninta.

Akwai wani kare a gidanta, amma ba nata ba ne, haka take gaya wa kowa. Na marigayi maigidanta ne, direban babbar mota, wanda ya dawo da shi daga wata tafiya a cikin hularsa. Ɗan mitsitsi ne mai kaushin gashi, irin masu farautar ɓera da ake kira teriya, ga haushin da ya fi jikinsa. Ya sa masa suna Maɓalli. Da mutumin ya rasu, Inna ta ce za ta bayar da shi idan hankali ya kwanta, har yau bai kwanta ba. Kullum da safe sai ta taje shi, ta leƙa kunnuwansa ko da kaska, har almakashi guda ta ware don farcensa. Tana yi tana mita: "Ni dai an bar mini jidali."

Wata safiya tana shagonta na ƙofar gida tana ɗinke bakin wani siket da hannu aka yi sallama, ta soke allurar a hannun kujera ta tashi. Da ta dawo, babu allura. Ta duba ƙasa, ta kakkaɓe zaninta. Sai ta ji kakari a ƙarƙashin tebur.

Maɓalli ne, ya miƙe wuya, miyau na dalala, shuɗin zare yana reto a gefen bakinsa.

Kafin ta san abin da take yi ta naɗe zaren a yatsa ta ɗan ja. Karen ya yi wani siririn kuka. Sau ɗaya ta taɓa jin irinsa, ranar da aka fita da maigidan daga gidan nan. Ta warware zaren a hankali, ta kira likitan dabbobin da ke yi masa rigakafi.

"Inna, kin ja?" in ji likitan.

"Kaɗan."

"Kada ki ƙara. Kada ki yanke, kada ki ba shi ko ruwa. Kawo shi yanzu."

Ta naɗe shi a wani ƙyalle, ta tare tasi, ta bar shagon a buɗe. Ba su yi nisa ba suka shiga cunkoso. Karen yana rawar jiki a cinyarta, duk haɗiyar da ya yi sai zaren ya ƙara gajarta. Yatsunta suka soma ƙaiƙayi.

Direban ya waiwayo. "Haba Inna, ciro masa mana, ai zare ne kawai."

"Kalli gabanka, ɗan nan."

Ta ɗaga cinya ta zauna a kan hannunta na dama. Haka suka isa, hannun ya yi sanyi ƙalau. Tsoro take ji, kuma ba na karen kaɗai ba, tsoron hannunta take ji.

Likitan ya ɗauki hoton wuyan, ya sa karen barci, ya rufe ƙofa. Inna ta zauna a benci. A nan ta yarda da abin da ta daɗe tana musantawa: in wannan ɗan jidalin ya tafi, babu sauran mai tarbarta a bakin ƙofa, babu sauran abin maigidan da ke numfashi a gidan.

Can likitan ya fito da ɗan faranti, allurar tana kwance a ciki da zarenta.

"A maƙogwaro ta gitta," ya ce. "Da kin ƙara ja, da ta huda shi. Abinci mai laushi kawai za ki ba shi kwana biyun nan."

Ya miƙo mata Maɓalli, yana layin barci, jikinsa da ɗumi. A lokacin ta ga wani farin zare yana reto a hannun rigar likitan, dogo, daidai saitin idonta. Hannunta ya tashi da kansa. Ta dubi hannun, ta mayar da shi kan bayan karen.

"Likita," ta ce, "in ka koma gida, a sa almakashi a yanke maka wannan."