Gwaten da Mijina Yake Kawo Mini

Tun da mijina ya rasu barci ya zame mini abin tsoro. Da na rufe ido sai ga shi da kwano yana cewa, "Ci mana." A wurinmu kuwa kowa ya sani, wanda ya ci abincin mamaci a mafarki ya bi shi ke nan. Ni da ke da 'ya a makaranta, ina zan bi shi? Sai na daina kwanciya. In yi ta gyangyaɗi a kan tumatirina a kasuwar Sabon Tasha, in zabura, in sauke wa mai saye masifa ba gaira ba dalili.

'Yar tawa ce ta ja ni wani zama a Mahuta, na matan da suka rasa mazansu, da wata likitar ƙwaƙwalwa. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce. Na dai je na zauna a kujerar roba.

Ranar da na faɗi mafarkin wurin ya kaure. Wata tsohuwa 'yar Binuwai ta dafe kai. "Jinin Yesu! Kada ki karɓa!" Wannan ta ce azumi, waccan ta ce man zaitun. Raina ya ɓaci. Abin da na ji a unguwa har na gaji, shi na hau keke na zo ji?

Likitar ta ɗaga hannu, ta ce a nan ba a yi wa kowa fassara, tambaya kawai ake yi. Ta dube ni. "Mama, me ke cikin kwanon?"

Kai! Duk waɗanda na gaya wa, ba wanda ya taɓa tambaya.

"Gwaten acca ne," na ce, "da yakuwa."

Tsohuwar nan ta sassauta murya. "Baban yana girki ne?"

"Ina! Ko ruwan zafi ba ya dafawa. Sai dai gwate, in na kwanta ciwo. Shi ma ya cika gishiri."



Tsohuwar ta kama hannuna ta juya shi, duk ƙashi. "'Yar'uwa, yaushe rabonki da abincin kirki?"

Kuka na yi sosai, don na yi kewar mutumin nan. Ina ta gudunsa, ashe jinyata yake zuwa yi.

A hanya na sayi acca da yakuwa. Na dafa, na zabga gishiri, na cinye tas. Sannan na shimfiɗa tabarma da rana tsaka na kwanta.