Malam Sodangi da Dambun Magani

Da an sallame sallar asuba, Malam Sodangi ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Ɗakin shan magani na Bodinga yake nufa, ya wanke kwalabe, ya goge ɗan sikelinsa da farin ƙyalle, kafin mata su fara isowa da goyo. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani tun yana da kunnen ji.

Ni direban babbar mota ne, albasa nake kaiwa Kudu. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma na sha ganin masu farar riga, na kuwa san na gaske da na hoto.

Daminar 1983, da tsuke bakin aljihu ya kama ƙasa, ƙwayar maganin zazzaɓin sauro ta yanke. Abin da aka aiko masa gwangwani biyu ne na garin maganin. Sai ya gauraya shi da sitaci ya ƙuƙƙunsa a takarda, ƙunshi guda sha guda. Ashe garin mai laushi ne, ga mannewa a cokali, ga shi da an jijjiga kwano sai ya rabu da sitacin. Wani ƙunshin ya yi ƙarfi, wani kusan sitaci zalla.

Attahiru na Horo Birni ne ya tona abin. Ya zo da 'yarsa Zulaihatu saɓe a kafaɗa.

“Malam, ɗiyata ta sha ƙunshi huɗu, jikinta na nan kamar garwashi. Ɗan maƙwabcina ya sha guda, ya wuni amai. Mi ka faruwa?”

Sodangi bai yi musu ba. Ya kwance ƙunshi biyu ya ɗanɗana: ɗaya ɗaci kamar maɗaci, ɗaya salam. Ya ɗauko ƙwayoyin ƙarshe da ya ɓoye ya ba yarinyar, sannan ya rufe gwangwanin. Mutane suka taso masa, wai a ba su ko yaya yake. Ya ce, “Ba ni ba ɗiyan mutane abin da ban san ƙarfinshi ba.” Ga ruwa yana zuba, ga sauro, ga yara kwance tun daga Kajiji har Shagari.

A tsakar gidansa ya sami dabara. Matarsa Shatu tana murza dambu, tana yayyafa ruwa tana juya ƙwarya, gari yana tattaruwa ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya tsaya ya zuba mata ido har ta tsargu.

“Malam, yunwa ta, ko ko yau ka fara ganina?”

“Koya mini za ki yi.”

Ya ɗauki kwanon tasa ya fara gwaji da garin maganin. Ran farko ya cika ruwa, abu ya zama tuwo. Shatu ta ce, “Saura miya.” Kashegari ya rage, gari ya ƙi haɗuwa. Sai ya koma ƙirga ɗigo, yana juya kwano hannu ɗaya ba sauyi, ya tace a rariya, ya shanya a inuwa. Ran kwana shida garin ya dunƙule 'yan mulmulallu, kowace ta riƙe rabonta na magani, suna zuba daga cokali shar kamar yashi.

Da wani ne, nan zai fara rabawa. Shi kuwa ya hau motata bisa buhunan albasa zuwa Sakkwato, don babban mai harhaɗa magunguna ya auna. Kafin mu tashi na ce masa, “Malam, yara na jira.” Ya ce, “Don su za ni.” Aka auna ƙunshi goma, duk ƙarfinsu ɗaya. Bai ko tsaya cin abinci ba muka juyo. Washegari yana kan babur a cikin caɓi, ƙauye ƙauye, yana nuna wa uwaye yadda za su ba da shi. Kafin a yanke gero, yaran da ke kwance sun koma korar tsuntsu a gona.

Malam Sodangi, kai ne ka yarda aka zage ka kwana shida don kada ka ba yaro magani da ka. Kai ne namijin da bai ji kunyar zama ɗalibin matarsa ba. Ba a ba ka lambar girma ba, ba a kira sunanka a rediyo ba. Mun gode, mu da 'ya'yanmu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya.

Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, kaya za su sake yankewa, wannan ba shakka. Ran da haka ta faru, kada ku miƙa wa uwa abin da ba ku auna ba, kada kuma ku naɗe hannu ku ce babu.