Reshen Ƙasa na Malama Chieko

A ƙauyenmu na Kamisawa, itacen sakura ba ya fure sai ƙarshen Afrilu. Mutanen Tokyo su gama kallon nasu har su share shi daga bakin ƙofa, mu kuwa muna nan muna kwasar dusar ƙanƙara da shebur. Shi ya sa duk yaron da aka kawo gidan renon yara na ƙauyen a farkon Afrilu, furen farko da yake gani na takarda ne, manne a bangon zaure, kuma aikin Malama Chieko ne.

Ni ce mai dafa abincin gidan, sunana Tokiko. A can na same ta, kuma rana ɗaya muka bar wurin. 'Yar gajera ce, ba ta rabuwa da almakashi a aljihun rigar aiki, bakinta kuma ya fi almakashin kaifi. Mijinta na cikin mazan da ke tafiya aikin gini a Tokyo idan sanyi ya shigo. Wata shekara, tokar gawarsa aka dawo mata da ita a cikin ɗan akwati. Ta yi hutun makoki, ta dawo aiki riƙe da hannun ɗanta Noboru, ban kuma taɓa jin ta tayar da zancen ba.

Idan Maris ya kama, sai ta tattaro takardun naɗe kaya masu ruwan ƙasa, ta ba yara su cukuikuye su son ransu, ta haɗa gindin itace da rassa a bango. Yaran da za su tafi firamare su ne ke tsoma tafin hannu a fenti ruwan hoda su buga a farar takarda, a yanke a manna a rassan sama. Ƙananan kuma su yayyaga takarda mai laushi su shafa mata gam, rabi ya tafi bango, rabi ya maƙale a gashinsu.

"Malama, hannuna ya fi na Kenta girma!"

"Ya fi shi dauɗa dai. Je ka wanke kafin Inna Tokiko ta ɗauka gwaza ne ta jefa a miya."

Amma reshe ɗaya, na can ƙasa daidai tsayin ɗan shekara uku, ba a sa masa komai. Na sababbin shiga ne. Ranar bikin karɓarsu, kowane yaro zai buga hannunsa a manna a nan, daga ranar ya zama ɗan gida. Babu wanda ya rubuta wannan doka, ita ta ƙirƙiro abinta, kuma ta fi tsare ta fiye da dokar hukuma. Wani shugaba da aka taɓa kawo mana ya ce bangon ya yi kama da aikin da ba a gama ba. Ta ce masa ai ba a gama ɗin ba ne.

Da can hannuwa har hawa kan juna suke yi. Sai matasa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa birni, tukunyata ta yi ta ƙanƙancewa, har ta kai kowane yaro sai ya buga hannu sau da yawa kafin itacen ya rufe tsiraicinsa. A shekarar ƙarshe yara huɗu suka rage mana, kuma duk masu tafiya firamare ne. Ofishin ƙaramar hukuma ya ce idan an sami ko yaro ɗaya mai shiga a Afrilu za a bar gidan a buɗe, idan ba a samu ba a rufe. Yaro ɗaya ne kuwa ya isa shiga a duk faɗin ƙauyen: Suzu, 'yar Noboru, jikar Malama Chieko, da ke zaune da iyayenta a gidajen hukuma na bakin kogi.

Ban taɓa ganin ta yi itace irin na wannan shekarar ba. Reshen ƙasan ma sai da ta sake yin shi, wai Suzu ba ta da tsayi. Ta riƙa gaya wa yaran, "Ku yi shi da kyau, baƙuwa gare mu." Ni kuma tun a lokacin na fara shirin shinkafa da jan wake da ake dafawa ranar murna.

Ranar da aka manna hannu na ƙarshe, muna goge fenti daga daɓe, sai ga Kaori, matar Noboru, ta yi sallama tana jan Suzu, da kwalin alewa a naɗe cikin takarda mai kyau. Duk wanda ya tashi a nan ya san irin wannan kwali. Shi ake bi gida-gida da shi idan za a tashi daga gari.

Ta rusuna ta ce, "Mama, mun zo godiya ne. Mun so a ce Suzu ta zauna a hannunku ko da shekara ɗaya ce, amma kamfanin ya ce Noboru ya kama aiki a birnin Sendai ran ɗaya ga wata."

Malama Chieko ta tsaya da tsumma a hannu. "Wane kamfani?"

Nan take fuskar Kaori ta sauya. "Bai gaya muku ba? Tun Janairu ya je ofis ya janye sunanta."

Na waiwaya wajen ƙofar ofishin shugabanmu, na ga ya sulale ciki ya ja ƙofa a hankali. Ashe shi ma ya sani. Daga baya Noboru ya ce wai bai so ya ɓata wa mahaifiyarsa rai tana tsakiyar shirin bikin yaye yara ba, shugaba kuma ya ce maganar iyali ce, ba huruminsa ba. Haka muke a nan. Mutum ya bar ka wata biyu cikin duhu, kana ta gyara reshen takarda, ya kuma kira abin da ya yi ladabi. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Suzu ba ruwanta da zancen manya. Ta riga ta gano kwanon fenti, ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta nufi bango da gudu.

"Kaka, nan ne nawa? Kin ce nan ne nawa!"

Malama Chieko ta cafke hannun kafin ya taɓa reshen. "A'a. Wannan na masu shiga ne."

Na ce, "Haba Malama, bar ta mana. Wa zai gani?"

"Inna Tokiko, tukunya aka ba ki, ba bango ba."

Ta goge hannun yarinyar da tsumman daɓe, yatsa bayan yatsa, yarinyar na tsala ihu. Kaori ta ajiye kwalin a bakin ƙofa, ta sake rusunawa, ta ɗauki 'yarta ta fita. Na san ba da Suzu Malama Chieko take fushi ba. Amma Suzun ce a kusa, ita ce kuma ta sha.

A ƙarshen wata aka ce mu bar bangon fes yadda aka ba mu. Da hannunta ta ɓamɓare itacen. Da sakurar gaske ta tsakar gidan ta yi fure, akwai kwaɗo a ƙofa. Su Noboru kuwa, shekarar farko sun zo bikin tunawa da magabata, Suzu ta maƙale a bayan uwarta ta ƙi gaishe da kakarta. Daga nan sai Noboru ya riƙa zuwa shi kaɗai, ya kwana ɗaya ya koma.

Bayan wasu shekaru aka cire kwaɗon, aka mayar da ginin wurin yinin tsofaffi. Mota ke kwaso mu da safe ta mayar da mu da yamma. Ni gwiwa ce ta kawo ni, ita kuwa tunaninta ne ya fara tafiya. Wani lokacin ba ta gane ni, amma idan aka miƙa mata almakashi hannunta bai manta komai ba.

A Maris ɗin bana, wata ma'aikaciya, yarinya mai fara'a daga birni, ta zaunar da mu a zauren nan wai za mu yi wa bango ado da sakura. Ta leƙa abin da Malama Chieko ke yankawa, ta tafa hannu. "Kai, Kaka ta iya! Wa ya koya miki haka?"

Na ci gaba da yankan takardata.

Da aka zo mannawa, yarinyar ta durƙusa da fure za ta sa a reshen ƙasa. Malama Chieko, wadda sai an kama ta take tashi, ta miƙe tsaye da kanta.

"Ke, cire hannunki. Wannan na Suzu ne. A Afrilu za ta shigo."

"To Kaka, na Suzu ne," in ji yarinyar tana murmushi, ta mayar da furen cikin kwali.

Suzu yanzu ta kusa gama sakandare, kuma ban jin za ta gane hanyar Kamisawa.

Da yamma aka fara sa Malama Chieko a mota, ni na tsaya neman sandata. Da na ratsa ta zauren, sai na tarar da yarinyar a durƙushe tana cike reshen ƙasa da furanni, har ba a ganin takardar itacen. Ta ce hoto za a ɗauka a aika wa iyalai, kuma ba ya kyau a ga gurbi.

Na ce, "Za a aika Sendai?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, Kaka. Kowane gida za a aika."