Garba Funtuwa Ya Zama Shaikh

Funtuwa zuwa Makka

Ana idar da sallar asuba na kama hanyar filin jirgin Kano. Mutanen gida sun san Umara zan je. Gwaggo Hajara ce kaɗai ta san sauran, domin ita ta faɗa mini, bayan rasuwar mahaifiyata Hauwa, cewa Baba Sani da ya rene ni ƙanin ubana ne. Shi uban nawa, Garba, Hajji ya tafi ya bar ta da cikina. Shiru, shiru, har alƙali ya raba auren, Baba Sani ya aure ta.

A Jidda mai duba fasfo ya bar mu tsaye sai da ya gama shan shayinsa. Na yi Umarata, na hau bas sai Madina.

Ƙuba

Na sauka gidan wata dattijuwa 'yar Damagaram, Hajiya Zinariya, mai sayar da tuwo a bayan masallacin Ƙuba. Lokacin babu wayar hannu, neman mutum sai da baki. Na ambaci sunan.

Ta ce, “Garba Funtuwa? Ai Shaikh Abubakar ake ce masa yanzu.”

“Karatu ya yi?”

Ta taɓe baki. “Gemu ya tara. Tuni ya bar unguwar Aziziyya inda yake zaune a da, yana Badar yana tsaron gonar dabinon wani Balarabe.”

Badar

Da hantsi na shiga motar haya, muka yi ta ratsa baƙaƙen duwatsu har azahar. Na same shi a inuwar dabino, ya sha farar jallabiya, yana jan carbi mai tsada. Hancina ne a fuskarsa.

Na durƙusa na ce, “Baba, ni ne ɗan Hauwa.”

“Wace Hauwa?”

Sai da na ambaci unguwarmu sannan carbin ya tsaya. Na ce masa ta rasu. Ya ce, “Allah yarhamha,” da sauri, kamar mai amsa wa wanda ya yi atishawa. Ya sa aka kawo gahawa. Ina jira ya tambayi sunana, sai ya matso ya rage murya.

“Gonata ta bakin rafi fa? Sani bai sayar ba ko? Ina da haƙƙi a ciki.”

“Tana nan. Da ita aka ciyar da ni.”

Ɗansa da ya kawo gahawar, saurayi mai jin Hausa amma ba ya mayarwa, ya tambaye shi da Larabci ko ni wane ne. Shaikh bai ko ƙifta ido ba ya ce, “Ɗan ƙanina ne.”

Na dubi saurayin na ce, “Gaskiya ya faɗa maka.”

Shaikh ya sallame ni da kwalin dabino, irin wanda ake ba kowane baƙo. Ban kwana a Badar ba.

Gida

Na iso Funtuwa da la'asar, na tarar da Baba Sani a zaure yana gyaran fartanya. Na ajiye kwalin, na ce na Badar ne. Ya daɗe yana kallona. Ashe Gwaggo ba ta iya riƙe magana ba.

“Ka gan shi?”

“Na gan shi, Baba.”

“Ya tambaye ni?”

“Gona ya tambaya.”

Ya yi dariya har da tari, ya goge ido da hannun riga, ya ce a kawo mini ruwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni gidan ubana. Hajiya Zinariya kuma, Allah ya saka mata da alheri.